Sodangi, Maƙerin da Ya Kawo Sakatar Kujera Kusa da Hannu

Idan aka sallame sallar asuba a Bodinga, Sodangi maƙeri ba ya daɗewa wajen gaishe-gaishen bakin masallaci. Yakan wuce kai tsaye zuwa rumfarsa da ke gefen hanyar mota, wadda ta fito daga Sakkwato ta nufi Shagari. Ya kwashe tokar jiya, ya zuba sabon gawayi, ƙanensa Ɗantani, wanda shi ma gemunsa ya yi fari, ya zauna bakin zuga-zugi. Kafin hantsi an fara jin masaba a kan fartanya da lauje da bakin garma, abin da manoman gero da albasa suka ajiye tun jiya. Shekara arba'in da wani abu ke nan yana haka.

Sai dai yana da wata ɗabi'a da sauran maƙera ba su da ita. Da zarar ya ji kukan mota daga nesa, ko da ƙarfe ya yi ja a wuta, sai ya ajiye awartaki ya fito bakin hanya ya ɗaga hannu. Direbobin hanyar sun san shi, sukan tsaya. Ba ya tambayar kaya, ba ya tambayar labarin birni. Sai ya buɗe ƙofar direba, ya kai hannu gefen kujera inda wani ɗan mariƙin ƙarfe yake naɗe da jan fata, ya danna shi, ya ɗaga, ya ji kujera ta motsa, ya mayar da ita. Sannan ya rufe ƙofa ya ce, "Allah shi kiyaye hanya."

Bana ya ce zai ajiye masaba. Yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma ya soma gani dishi-dishi. Da na bi sawun wannan mariƙi wajen waɗanda suka gani da idonsu, abin da na ji ya hana ni cin abinci ranar nan. Kuma har yanzu ina mamakin yadda aka yi sunan mutumin nan bai taɓa hawa takarda ba.

Abin ya faro ne a daminar 1950. Sodangi yana da taubashi, ɗan ƙanwar mahaifinsa, sunansa Husaini. Gajere ne sosai, mai yawan raha, yana tuƙa wa wani attajirin fatu ƙaramar motar kaya irin wadda ake kira kitika. Attajirin dogo ne, kuma wasu ranaku shi ke jan motarsa da kansa. Kujerar direba tana kan ƙarafa biyu da take zamewa a kansu gaba da baya, akwai kuma wata 'yar sakata da ke riƙe ta wuri ɗaya. Mariƙin sakatar yana can ƙarƙashin kujera, ta gaba, cikin lungu. Duk ranar da attajiri ya sauka ya bar kujera a baya, ƙafar Husaini ba ta kai birki. Dole ya durƙusa a ƙasa, ya cusa kai ƙarƙashin sitiyari yana lalube, kafin ya jawo ta gaba.

Wata safiya ya yi haka a gaban maƙera, ya tashi gwiwoyinsa duk taɓo.

Ya ce, "Taubashi, dubi wahalar da nika sha. Wanda yay yi motar ga bai san da gajeru ba a duniya. Ka ƙara ma ƙarfen ga tsawo, shi fito inda hannu ka kai."

Sodangi ya yi dariya har ya ajiye masaba. "In ƙara ma ƙarfe tsawo, ko kai zan ƙara ma? Ka ga manoma sun cika min rumfa. Bari ruwa shi ɗauke, ka kawo ta."

"To, na ji. Amma duk taɓon da na kwasa kafin nan, ga rigarka zan shafe shi."

Kwana tara bayan haka aka yi ruwa mai ƙarfi can gabas da asuba, Bodinga kuwa yayyafi kawai ta samu. Da hantsi wani manomi ya shigo gari a kan keke yana haki, ya tsaya gaban maƙera ya ce motar Husaini ta faɗa kwazazzabon da ke kan hanyar Shagari. Ruwa ya cinye ƙarƙashin kwalbati, mota na hawa ya rufta da ita. Ya ce Husaini na da rai, yana magana, amma ya maƙale. Sodangi ya kwashi masaba da kurfin yanke ƙarfe da awartaki, ya karɓi keken ya hau.

Ya tarar da mutum wajen arba'in a bakin kwazazzabo. Motar ta kife da hanci ƙasa, bayanta na sama. Ruwa ja wur, mai kauri da laka, yana gudu a cikin kwazazzabon, ya riga ya shiga gidan direba ya kai wa Husaini ƙugu. Sodangi ya faɗa ruwa da rigarsa.

Husaini ya ce, "Ka zo? Ba wani ciwo nika ji ba. Sitiyari ne ya danne min ƙirji. In kujera ta koma baya ko taƙi ɗaya, na fita. Sakatar tana nan ƙarƙashin ƙafafuna."

Sodangi ya ja numfashi ya nutse. Ƙasan motar ya lanƙwashe ya haɗe da gaban kujera, sai wata 'yar kafa da hannu ke iya bi. Ya cusa hannu har kafaɗa, ƙarfe na yankarsa, ya ji kan yatsansa ya shafi wani abu mai santsi, amma kamawa ta gagara. Ya fito ya sha iska, ya sake nutsewa da awartaki. Awartaki bai shiga ba. Ya sa kurfi ya nemi yanke ƙafar kujera, amma masaba ba ta da ƙarfi a cikin ruwa. Mutane suka kawo taɓare da itatuwa suka yi ta ɗaga sitiyari, itatuwan suka kakkarye. Aka ɗaura igiya a bayan mota aka haɗa da shanun noma huɗu, igiya ta tsinke.

Duk wannan, ruwa na ƙaruwa. Ba a sama ake zubo shi ba, rana ma ta fito tana haske. Daga gabas yake gangarowa, ba mai iya tare shi. Ya kai wa Husaini ciki, ya kai ƙirji. Matan da suka taho daga gonaki suka fara salati da ƙarfi. Sodangi ya nutse sau nawa, shi ma bai sani ba. Waɗanda suka ƙirga sun ce ya fi ashirin.

Da ruwa ya kai wuya, Husaini ya ce, "Taubashi, bari haka nan. Zo ka riƙe min kai."

Sodangi ya tallabe masa haɓa da hannu biyu yana ɗaga ta sama. Husaini ya dube shi, laka ta rufe shi tun daga kai har kafaɗa, sai ya yi murmushi.

"Ai na ce maka zan ɓata maka riga." Ya numfasa. "Ka ce ma matata Shatu ban yi fushi da ita ba da safe. Gaggawa nika yi."

Sai ya yi kalmar shahada, mutanen bakin gaɓa suka amsa masa. Ruwa ya kai baki, ya kai hanci. Sodangi bai saki ba. Yana riƙe da haɓar har ya ji ta daina motsi a hannunsa, kuma bayan haka ma bai saki ba, sai da maza uku suka shiga suka ɓamɓare shi. Tsakar rana ce, a gaban mutum arba'in, babu wanda bai gani ba.

Da la'asar ruwa ya janye. A lokacin ne ido ya ga abin da hannu bai iya gani ba: mariƙin ya ɗan karkata ya ɓuya bayan wani lanƙwasasshen ƙarfe. Sodangi ya tsinci wata waya a jikin motar, ya lanƙwasa bakinta da haƙori, ya zura ta ta gefe, ya ja. Sakata ta ce ƙas. Mutum biyu suka ja kujera, ta zame baya ba gardama, kamar yau aka sa mata mai. Aka ciro Husaini ba wani ƙashi da ya karye a jikinsa.

Wani dattijo da ke wurin ya ce min bai taɓa ganin fuska irin ta Sodangi a wannan lokaci ba. Bai yi kuka ba. Ya tsaya da wayar nan a hannu yana kallonta, baki buɗe, har aka gama haɗa makara.

Kwana bakwai ba a hura wuta a maƙera ba. Rana ta takwas ya tafi wajen attajirin ya roƙi a ba shi kujerar. Attajirin ya ɗauka baƙin ciki ya taɓa masa kai, amma ya ba shi. Ya ɗoro ta a kan jaki ya kawo Bodinga. Matarsa Mairama ta ga abin da ake saukewa, ta dafe ƙirji.

"Maigida, kujerar da bawan Allah ya cika a kai? Mi za ka yi da ita?"

"Aikin da ya sa ni, shi zan yi."

"Wanda ya sa ka aikin ai ya tahi."

"Akwai wasu bisa hanya," in ji shi.

Ya kwance kujerar ya ga yadda sakata ke shiga ramukanta. Ya samo sandar birkin wani tsohon keke, ya miƙar da ita a wuta, ya haɗa kanta ɗaya da sakata, ya bi da ita ƙarƙashin kujera ta fito ta gefen ƙofa, ya lanƙwasa ƙarshenta ya zama mariƙi. Yanzu mutum na zaune sai ya sauke hannu kawai ya ɗaga, kujera ta tafi inda yake so. Wanda ke waje ma, da ya buɗe ƙofa zai gan shi. Wani direba mai suna Bala, mai ɗaukar 'yan kasuwa tsakanin Bodinga da Shagari, ya gwada ya ji daɗi, ya ce a sa masa. Aka sa.

Da a nan labarin ya tsaya, da na rubuta shi da sauƙin zuciya. Amma mako uku bayan haka, Bala na hawan wani tudu kusa da Dandin Mahe da mutane cike a baya, hanya duk gargada, sai nauyin sandar nan da girgizar mota suka ɗaga sakata da kansu. Kujera ta yi baya da Bala gaba ɗaya. Ƙafafunsa suka bar birki da totur, hannunsa ya fizge sitiyari, mota ta bar hanya ta ratsa gonar dawa ta je ta daki rumbu. Allah ya tsare rayuka, amma wata Bafillatana mai tallan nono, Inno, ta faɗo ta karye a hannun hagu.

Bala ya iso maƙera da yamma da sandar a hannu, ya jefar da ita gaban Sodangi.

"Ga tsiyarka nan! Mutum goma sha huɗu na ɗauko. Goma sha huɗu! Ɗaya ya mutu hannunka bai ishe ka ba?"

Ɗantani ya miƙe, Sodangi ya riƙe masa riga. Maganar ta shigi Sodangi har ƙashi. Abin da ya fi kaɗa shi shi ne ganin cewa hannunsa, da ya tashi gyara, ya kusa kashe mutum goma sha huɗu a tashi ɗaya. Ya ɗauki sandar ya juya ta, nan take ya ga kuskurensa: ya yi ta da nauyi, bai kuma yi mata abin da zai riƙe ta ba. Bala bai sake tsayawa a maƙerar ba. Daga baya ya koma Gusau da aiki, kuma har yau, in an ambaci Sodangi a gabansa, tashi yake yi. Sodangi ya ce Bala na da gaskiya.

Washegari mai gari ya aiko aka kira shi. Ya faɗi ya yi gaisuwa.

Mai gari ya ce, "Sodangi, ubanka fartanya ya ƙera, kakanka ma haka. Mota aikin Turawa ce. Kada in sake jin ka taɓa motar kowa."

"Ranka shi daɗe, na ji, na bi. Amma ina roƙon arziki ɗaya. Kujerar da ke rumfata tawa ce. A bar ni da ita."

Aka bar shi da ita.

Kai ne, Sodangi, ka tashi da ƙafa daga Bodinga har rugar su Inno a bayan Shagari, ba wanda ya aike ka, ba wanda ya san ka a can. Kai ne ka durƙusa gaban tsohuwa da hannunta a ɗaure da karan ɗori, ka ce, "Baiwar Allah, ba direba ya karya ki ba, ni ne." Da ka yi shiru, da har abada laifin na kan Bala da gargadar hanya.

Inno ta sa ya faɗa mata komai, tun daga Husaini. Da ya gama ta ce, "To, maƙeri, na yafe. Amma in ka gyara abin, ka kawo in gani. Ina son in san abin da ya karya ni."

Wata biyu ya yi a kan gyaran. Ya rage wa sandar kauri. Ya ciro sifirin daga sirdin keke ya sa mata, yadda kullum yana jan sakata zuwa raminta. Sannan ya ƙera wa mariƙin wani gurbi mai baki kamar ƙugiya, yadda ba ya ɗaguwa sai an danna shi ciki tukuna. Girgiza na iya ɗaga ƙarfe, amma ba ta iya dannawa sannan ta ɗaga. Ya kai wa baduku ya naɗe mariƙin da jan fatar akuya, don ido ya faɗa kansa ko a cikin ruɗani.

Sai gwaji. Ya ɗaure kujerar a kan amalanke, ya hau ya zauna, Ɗantani ya kora shanu a guje a kan kunyoyin gonar da aka girbe. Mutanen gari suka fito suna kallon dattijo mai iyali a kan kujerar mamaci, yana tsalle sama yana dawowa, hularsa ta faɗi, haƙoransa na haɗuwa. Wasu suka ce aljanun kwazazzabo sun kama shi. Mairama ta daina zuwa rijiya saboda tambaya. Kwana goma sha biyu yana haka, sakata ba ta motsa ba ko sau ɗaya. A rana ta ƙarshe mai gari da kansa ya zo bakin gona ya tsaya. Ya sa dogarinsa, ƙato mai nauyi, ya hau aka zagaya da shi sau uku. Dogari ya sauko yana dafe da ƙugu, kujera na nan inda take. Mai gari ya ce duk direban da ya yarda da bakinsa, a sa masa.

Kafin ya sa wa kowa, sai da ya ɗora kujerar a jaki ya kai wa Inno. Ta danna da hannunta mai lafiya, ta ɗaga, ta ga kujera ta zame. Ta maimaita har sau biyar. Daga nan ya ɗauki al'adar zagaya kasuwannin ƙauyukan hanyar da kujerar, yana nuna wa manoma da makiyaya: in kun ga mota ta faɗi da direba a ciki, ku nemi jan fata, ku danna, ku ɗaga, ku ja kujera baya. Ana yi masa dariya, ana kuma kallo.

Direban da ya fara yarda shi ne Lirwanu, mai ɗaukar albasa, wanda ciwon baya ya sa durƙuso ya zame masa azaba. Da wasu suka ga yana gyara zamansa ba tare da ya sauka ba, suka biyo. Cikin shekara uku motocin hanyar nan da ke da jan fata sun haura talatin.

Labari ya kai birni ta wata hanya mai ban dariya. Baturen da ke duba lafiyar motoci ya ga jan fata a motar Lirwanu, ya ɗauka laya ce, ya sa hannu zai cire, sai ya ji ƙarfe. Ya leƙa ƙarƙashi ya daɗe bai fito ba. Mako na zagayowa sai ga shi a Bodinga da tafinta. Ya zauna a kujerar gwaji, ya danna, ya ɗaga, ya jijjiga ta da iyakar ƙarfinsa. Fuskarsa ta yi ja. Ya tambaya ina takardar zanen. Aka ce babu. Ya tambaya a wane gareji maƙerin ya yi aiki. Aka ce bai taɓa ba.

Tafinta ya ce, "Bature na tambaya, to wa ya koya maka?"

"Husaini."

"Shina ina? Bature na son ganinai."

Sodangi ya nuna gabas da gari, wajen maƙabarta. Tafinta ya yi bayani. Bature ya cire hularsa. Sannan ya fito da ɗan littafi ya auna ƙarfen ya zana shi, ya ce a takardunsa babu gurbin da zai rubuta ya yarda, amma ba zai ce a cire ba. Ya shiga mota ya tafi. Ba a sake jin komai daga wajensa ba.

A bazarar 1955, da azahar, Lirwanu ya taso daga Shagari da buhunan albasa. Bai yi nisa ba tayar gaba ta fashe a wata kwana, mota ta ƙwace ta je ta rungumi tsamiya. Mutum biyu da ke kan kaya suka watse cikin gona. Gaban motar ya dawo ciki ya danne wa Lirwanu cinyoyi, fetur na tsiyaya, hayaƙi ya fara fitowa daga inji, sai ga harshen wuta. Mazan da suka rugo daga gonaki suka ga wuta, suka ja da baya suna ihu.

A gindin wata bishiya kusa da kwanar nan Inno ke zama da ƙwaryar nononta tun shekaru. Ta ajiye ƙwarya ta nufi motar. Maza na kiranta, "Inno, dawo! Za ta fashe!" Ba ta waiwaya ba. Ƙofar direba ta riga ta ɓalle. Ta sunkuya cikin hayaƙi ta ga jan fata. Ta danna, ya ƙi. Ta sa hannu biyu, har da wanda ya taɓa karyewa, ta danna da nauyin jikinta, ta ɗaga.

Ta daka wa Lirwanu tsawa, "Tura da bayanka! Tura, ɗan nan!"

Ya tura. Kujera ta ja baya. Ganin tsohuwa a bakin wuta ya sa kunya ta kama maza biyu, suka rugo suka kama shi ta hammata suka fizgo shi. Ba su kai taki ashirin ba wuta ta cinye gidan direba. Lirwanu ya karye a ƙafa ɗaya, gefen zanen Inno ya ƙone, tafin hannunta ya tashi. Mutanen da ke wurin suka tsaya cirko-cirko, suna kallon wuta, suna kallon Lirwanu da ke zaune a ƙasa yana shafa ƙirjinsa, ya kasa yarda shi ne.

Da labari ya iso Bodinga, Sodangi na tsaye da masaba. Ya ajiye ta, ya zauna a ƙasa cikin toka. Ɗantani ya ce a ranar ne ya ga hawayen yayansa, waɗanda bai gani ba a bakin kwazazzabo. Gari na wayewa ya kama hanyar rugar Inno. Ya same ta an shafa mata magani a hannu. Mutane sun cika wurin suna yi mata barka, suna jiran su ji abin da zai ce.

Ya gaishe ta, ya yi mata sannu, sannan ya ce, "Inno, gaya min gaskiya. Ya yi tauri?"

"Ya yi tauri, maƙeri. Hannun namiji ka yi ma shi. Da hannu ɗaya gare ni, da yaron ga ya ƙone."

Ya gyaɗa kai. Bai tsaya cin abincin da aka kawo masa ba. Ya koma ya ƙara wa mariƙin tsawon yatsa biyu, ya sassauta bakin gurbin kaɗan, ya sa Mairama ta gwada da hannu ɗaya har ta iya. Sannan ya tsare hanya, duk motar da ya taɓa sa wa jan fata ya sauya mata, ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗauke shi kusan shekara.

Bayan Lirwanu, na samu direba biyu da suka ce ta wannan mariƙi aka fitar da su. Wataƙila akwai wasu. Sauran kuwa, waɗanda Allah bai jarrabe su da hatsari ba, sun huta da durƙuso cikin taɓo, ƙafarsu na kai birki yadda ya kamata, kuma da yawansu ba su san dalilin da ya sa aka fara yin abin ba.

Sodangi na Mairama, maƙerin bakin hanya. Kai ne ka ga abin da zai sa wani ya bar sana'a, ka koma ka hura wuta. Kai ne ka yi kuskure a gaban jama'a, ka amsa shi da bakinka, ka zauna a kansa har ya gyaru. Ba ka karanta boko ba, ba ka taɓa tuƙa mota ko taki ɗaya ba, amma akwai gidaje a Shagari da Bodinga da ake dafa tuwo da maigida a ciki saboda hannunka. Mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya sanyaya maka idanu, ya jiƙan wanda ya sa ka aikin. Inno ma, Allah ya biya ta.

Saura mu. Masu sana'a, ku dubi mutumin nan ku ga yadda ake ɗaukar aiki da nauyinsa, ko da ƙarami ne a ido. Direbobi, in kun iso Bodinga ku tsaya ku gaishe shi, ko bai ɗaga hannu ba, don yanzu ba kullum yake ganinku ba. Ku kuma maƙeran ƙasar nan, da ku nake musamman. Tun da aka yi girbi ya aika ƙauye-ƙauye cewa kowace Laraba zai zauna a rumfa ya koya wa duk maƙerin da ya zo yadda ake wannan aiki, tun yatsunsa na iya nuna abin da idonsa ya daina gani. Na tambaye shi mutum nawa suka zo zuwa yanzu. Ya ce biyu. Na ɗauka ban ji daidai ba, na sake tambaya. Biyu ne, a ƙasar da kowane ƙauye ke da maƙera, motoci kuwa kullum ƙaruwa suke yi.

Larabar nan ma zai shimfiɗa tabarma ya zauna, Ɗantani zai hura wuta. Duk mai masaba ya ɗauko ta ya zo.